Gargaɗi Daga Zhanxi Lu: Kada Kuɗin Ƙaramar Hukuma Su Bi Ta Asusunka

Alhazai da Hajiyoyin da ke zuwa sari Guangzhou, da ku da kuke zaune can kuna yi wa na gida oda, wannan magana taku ce tun kafin ta zama ta kowa. Kakar siyasa ta kawo jiki. Wayoyi za su riƙa shigowa daga Kano da Katsina da Gusau da Dutse: ana son agogo dubu kaza da hoton mai girma ciyaman a fuskarsa, ana son huluna da riguna da lemomi da jakunkunan 'yan makaranta da takalman mata. Za a ce maka harka ce ta gaggawa, riba kuma ba a magana. Kafin ka amsa, ka tambayi inda kuɗin za su fito, da sunan wa za su shiga asusunka, kuma wa zai cika ragowar idan aka sha kaye. Wanda ya fara kame-kame a kan waɗannan tambayoyi, ka bar masa cinikinsa, ko da kuwa ɗan ɗakinku ne.

Wanda ya san Zhanxi Lu ya san abin da ya sa ake dosar wurin da irin wannan oda. Titi ne a gefen tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, benaye jere da juna, wannan agoguna ne tun daga ƙasa har sama, na kusa da shi takalma. Kasuwar tufafi ta Baima tana nan kusa, Guangyuan Xi Lu da Xiaobei inda mutanenmu suka fi sauka ba su da nisa. Mai shago a Zhanxi ba ruwansa da fuskar wanda za a buga a jikin agogo. Ka kawo hoto, ka cika adadin da masana'anta za ta karɓa, ka ajiye kafin alƙalami, yawanci kashi 30 cikin ɗari, ragowar kuma ka cika kafin kaya su bar sito. Sunanka ne a takardar, lambarka ce a wayarsa. Bai san ciyaman ba, bai san kansila ba, bai taɓa jin sunan jam'iyyarsu ba. Kai ya sani.

To, kayan kamfe ba irin sauran kaya ba ne. Takalmin da ya yi kwantai bana, a Ƙofar Wambai za a karya farashinsa a rabu da shi baɗi. Atamfar da yayinta ya wuce a Kantin Kwari tana da masu saye a ƙauye. Amma agogon da ke ɗauke da fuskar wanda ya faɗi zaɓen fid da gwani, wa za ka sayar wa? Ka duba tsawon hanyar. Masana'anta na buƙatar makonni, jirgin ruwa zuwa Legas ya kan ci fiye da wata guda, ga zaman tashar Apapa ko Tin Can, ga kwastan, ga hanyar Arewa. Idan oda ta faɗo daidai hutun sabuwar shekarar Sinawa, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu rufewa suke yi. A cikin wannan tsakani sai a sauya ɗan takara da dare ɗaya, ko ubangidansa ya sauya sheƙa ya tafi da shi wata jam'iyya mai wata alama, ko kotu ta soke takarar, ko gwamna ya ɗage zaɓen. Kwantena ta iso cike da hoton mutumin da ya daina ɗaukar wayarka. Ga kuma canji: duk wanda ya yi alƙawarin farashi da naira a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya ga abin da ya biyo baya da aka saki naira a watan Yunin shekarar, har dala ta haura 1,500 a 2024. Jarin shekara goma yana iya tafiya a oda guda.

Wannan asara ce ta mutum ɗaya da iyalinsa, kuma ita ce mai sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne odar da ake biya cif-cif, har da ƙari, ba a ko neman ragi. Ita ce mai haɗari.

A rubuce, gwamnati ba ta ba ɗan takarar kansila ko na ciyaman ko kwabo don yaƙin neman zaɓe. A zahiri, dukiyar jama'a ta daɗe tana ɗaukar nauyin zaɓen ƙananan hukumomi, sai dai a ɓoye, kuma ɓangare ɗaya kaɗai take ciyarwa. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta: a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma kada a ba kantomomin riƙo da ba a zaɓa ba. Nan da nan gwamnonin da suka shekara suna jan ƙafa suka tuna da zaɓe. Sakamakon kuwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. A Kano, ranar 26 ga Oktoba, 2024, NNPP ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484. A Kaduna APC ta kwashe 23, a Sakkwato ta kwashe 23, a Katsina cikin Fabrairun 2025 ta kwashe 34. A Bauchi PDP ta ɗauke 20, a Zamfara ta ɗauke 14. Ba na nuna jam'iyya ɗaya da yatsa, domin babu wadda ta bar wa abokiyar hamayya ko da kujera guda a waɗannan jihohi. Gwamna ne ke naɗa shugabannin hukumar zaɓen jiha, shi ke ba ta kuɗin aiki, kuma shi ne jagoran jam'iyyar da ke takara.

Kujerar ciyaman kuma ta ƙara daraja. Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya. A farkon 2023 abin da matakan gwamnati uku suke rabawa a wata bai kai naira tiriliyan 1 ba. Bayan cire tallafin mai, a wasu watannin 2025 ya haura tiriliyan 2. An shafe fiye da shekara bayan hukuncin kotu ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE tana kukan cewa ba a fara turo kuɗin kai tsaye yadda aka ce ba. Amma kowa ya ga inda aka dosa, kuma duk wanda ke da hannu a siyasar jiha ya gane cewa idan asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya kuɓuce masa, hanyar da ta rage ita ce ya mallaki mutumin da zai zauna a kan kuɗin.

Ga yadda ake mallakarsa tun daga bakin ƙofa. A 2024 hukumar zaɓe ta jihar Kano, KANSIEC, ta sa kuɗin fom naira miliyan 10 ga ɗan takarar ciyaman, miliyan 5 ga na kansila. Da aka je kotu sai ta mayar da su miliyan 9 da miliyan 4. Mafi ƙarancin albashi a jihar naira 71,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikacin da mutanen mazaɓarsa suka yarda da shi, sai ya tara albashinsa na sama da wata 56, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi fom ɗin kujerar kansila da wa'adinta shekara uku ne. Dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade wa ɗan takarar kansila a Abuja cewa duk abin da zai kashe a kamfe kada ya wuce miliyan 5, na ciyaman kuma miliyan 30. Fom ɗin kansila na Kano kaɗai ya kusa cinye iyakar miliyan 5 ɗin, ba a buga fosta ko ɗaya ba. Malamin firamare ba shi da wannan kuɗi, tela ba shi da su, shugabar matan unguwa ba ta da su. Wani ne zai biya, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da aka rantsar da shi, bashin da ke kansa ya riga mutanen mazaɓarsa zuwa ofis.

Bashin nan da me ake biyansa? Da kuɗin da ya kamata su gyara rufin aji, su sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a asibitin shan magani, su yashe kwata kafin damina, su gyara famfon tuƙa-tuƙa. Ayyukan ƙaramar hukuma ke nan, kuma su ne waɗanda talaka ke gani da idonsa. Idan aka ce gari bai da ruwa amma kowane matashi yana ɗaure da sabon agogo mai hoton ciyaman, ba sai an kira mai binciken kuɗi ba kafin a san inda famfon ya tafi.

A nan ne ɗan kasuwa ke shigowa, sau da yawa bai ankara ba. Tun daga 1 ga Maris, 2023, hukumar NFIU mai bibiyar hadahadar kuɗi ta hana cirar tsabar kuɗi daga asusun gwamnati, har da na ƙananan hukumomi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 kuma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5, kamfani miliyan 10, sai ta banki. Tunda buhu ya yi wuyar fita ta ƙofar banki, sai a nemi asusun kamfani mai tsabta, mai tarihin shige da fice na manyan kuɗi, wanda ba wanda zai yi mamaki idan ya tura miliyoyi ga 'yan canji don sayen yuan. Asusun mai sari a ƙasar Sin ya cika waɗannan sharuɗɗa duka. Sai a rubuta maka kwangilar kawo kayan tallafin mata da matasa, ko kayan makaranta, a tura kuɗi fiye da ƙimar kayan, a ce ka sayo kayan kamfe da wani kaso, ragowar ka maido a hannu, ka cire la'adarka. Za a ce maka haka kowa ke yi.

Ɗan'uwa, ka tsaya ka duba takardun da za su rage bayan shekara uku. Ciyaman ya sauka. Ubangidan da ya ba da umarni da baki ya ba da shi, babu sa hannunsa ko'ina. Abin da EFCC ko ICPC za su tarar shi ne kuɗin gwamnati sun shiga asusun kamfaninka, kayan da aka rubuta ba su je ko'ina ba, kuma daga asusunka kuɗin suka watse. Kai za a gayyata. Fasfo ɗinka, wanda shi ne rabin jarinka, shi za a fara riƙewa. Wadda ta ari asusun ɗanta ko na ƙanwarta don a rarraba kuɗin, Hajiya, ta jefa su cikin abin da ba su ji ba ba su gani ba.

Can ɓangaren Sin ma akwai wuta. Tun daga Oktoban 2020 hukumominsu suke farautar katunan banki da layukan waya da ake amfani da su wajen damfara da safarar kuɗi, kuma a dalilin haka an daskarar da asusun 'yan kasuwa Sinawa masu yawa, musamman a Yiwu da lardin Guangdong, saboda kuɗin kayansu sun iso ta hannun 'yan canjin bayan fage da suka gauraya da na laifi. Mai shagon da aka rufe wa asusu ba zai saki kayanka ba, kuma ba zai yi shiru ba. A benen agoguna labari ba ya kwana. Amanar da ta sa ake ɗaga wa Bahaushe ƙafa, a loda masa kaya ya cika daga baya, an shekara ana gina ta, kuma ta kowa ce. Duk wanda ya ga watan Afrilun 2020 a Guangzhou, lokacin da aka riƙa fitar da baƙar fata daga gidajen haya da masaukai da sunan korona, ya san cewa idan aka tashi yi mana kuɗin goro ba a tambayar wanda ya yi laifi. Waɗanda kuke zaune a can kuma ake roƙon ku taimaka wa jam'iyya, ku sani sashe na 225 na tsarin mulki ya hana jam'iyya riƙe kuɗin da aka aiko mata daga waje. Dole ta miƙa su ga INEC cikin kwana 21.

Wasu masu kyakkyawar niyya suna cewa maganin duk wannan shi ne gwamnati ta fito fili ta ɗauki nauyin kamfe, domin talaka ya iya tsayawa ba tare da ubangida ba. Zuciyata tana tare da su. Amma mun taɓa gwadawa, kuma ya kamata a tuna yadda ta kaya. A watan Oktoban 1989 Janar Ibrahim Babangida ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP mai doki da NRC mai mikiya. Gwamnati ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi a hedikwatar ƙananan hukumomi, ta ba su kuɗin aiki. Da su aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na Disambar 1990, ƙato bayan ƙato. Duk da haka masu hannu da shuni suka shige ciki suka kama ragama, har a 1992 aka soke zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa, aka hana 'yan takara 23 sake tsayawa, cikinsu har da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Adamu Ciroma, kuma amfani da kuɗi na cikin dalilan da aka bayar. A Nuwamban 1993 Janar Sani Abacha ya rushe jam'iyyun, aka bar gine-ginen.

A jamhuriya ta huɗu aka sake. Sashe na 228 na tsarin mulkin 1999 ya ba majalisa damar ware wa jam'iyyu tallafi ta hannun INEC. Dokar zaɓe ta 2006 ta ce a raba kashi 10 cikin ɗari daidai wa daida, kashi 90 kuma gwargwadon kujerun da jam'iyya ke da su a majalisar tarayya, wato mai ƙarfi ya ƙara ƙarfi. Jam'iyyu suka yawaita, wasu ba su da komai sai allo da shugaba mai jiran kaso. A dokar 2010 aka cire tallafin baki ɗaya. Ko a lokacin da ake bayarwa, a Abuja kuɗin suke tsayawa, hannun shugabannin jam'iyya. Ɗan takarar kansila a Ɗambatta ko Ɓatagarawa bai taɓa jin ƙamshinsu ba.

Inda abin ya yi aiki, ba jam'iyya ake ba ba. A birnin New York na Amurka, tun 1988 akwai hukuma mai zaman kanta da ke ninka wa ɗan takara ƙananan gudummawar da mazauna birnin suka ba shi. A yanzu, kowace dala ɗaya ana ƙara mata takwas, har zuwa dala 175 na gudummawar mutum guda ga mai neman kujerar kansila, da sharaɗin zai karɓi iyakar abin da zai kashe kuma zai buɗe littafinsa a bincika. Wanda ya fi yawan jama'a shi ke samun kuɗi, ko da jama'arsa talakawa ne. Da irin wannan tsari Zohran Mamdani ya yi kamfe har ya ci kujerar magajin gari a Nuwamban 2025. Amma ko can an samu ɓaraka. A Satumban 2024 aka tuhumi magajin gari na lokacin, Eric Adams, da karɓar kuɗi daga wasu 'yan Turkiyya ta hanyar rarraba su da sunayen mazauna birnin don a ninka masa. Ya musanta, kuma aka janye ƙarar a Afrilun 2025, sai dai hukumar ta riga ta hana shi kuɗin tun Disambar 2024. Abin lura a nan shi ne akwai hukumar da ta iya ce wa magajin gari mai ci a'a. Wace hukumar zaɓen jiha ce a ƙasarmu ta taɓa ce wa gwamna haka?

Saboda haka gargaɗina na biyu ga 'yan majalisun jihohi ne, da ƙungiyoyin farar hula, da malamanmu na jami'a masu rubuta shawarwari. Duk ranar da aka kawo ƙudurin kafa asusun tallafa wa 'yan takara alhali gwamna ne ke naɗa masu rabon, kada ku tafa. Abin da ake yi a ɓoye ne za a ba shi rigar doka, a ƙara masa kasafi. Akwai abin da ya kamata ya gabata, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. A sauko da kuɗin fom zuwa abin da albashin wata ɗaya ko biyu zai iya biya, domin wannan shi ne tallafin da ya fi kowanne isa ga talaka kai tsaye. A fitar da naɗin hukumar zaɓen jiha daga hannun mutum ɗaya. Kowane ɗan takara ya buɗe asusun kamfe guda, a liƙa sunayen waɗanda suka ba shi da abin da suka bayar a ƙofar sakatariya. A buɗe filin gari da gidan rediyon jiha ga kowane ɗan takara daidai wa daida, tunda da harajin kowa aka gina su. Idan an yi waɗannan an ga sun zauna, sai a yi maganar ninka wa ɗan takarar kansila dubu ɗaya ko biyu da mutanen mazaɓarsa suka tara masa. Kafin nan, duk naira da aka ware da wannan suna, a aljihun jam'iyya mai mulki za ta kwana.

Wannan zai ɗauki lokaci, odar kuwa a wannan watan za ta zo. Ba na cewa ku ƙi cinikin kayan siyasa. Halal ne mutum ya sayo wa ɗan takara huluna da kuɗin ɗan takarar. Amma a biya duka kafin ka ajiye ko yuan ɗaya a Zhanxi, kuma daga asusun mutumin ko na kwamitin kamfe ɗinsa. Idan ka ga sunan ƙaramar hukuma, ko ma'aikata, ko wani kamfanin da ba ka sani ba a saƙon banki, ka maida kuɗin ta hanyar da suka zo a ranar, ka ajiye shaida. Idan kwangilar gwamnati ce ta gaskiya, to abin da aka rubuta shi za ka kawo, a ƙirga a sito a ba ka takarda; kada a rubuta kujerun makaranta ka loda agoguna. Kada ka karɓi rarar da za ka maido a hannu. Kada ka ɗauko wa kowa dalolin da suka haura 10,000 ka ratsa filin jirgi ba ka bayyana su ga kwastan ba, komai girman wanda ya aike ka.

Manyan kasuwa, ku kuka fi kowa iko a kan wannan. Kowace Juma'a mutanenmu suna haɗuwa a masallacin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, inda Musulmin Sin suke cewa nan kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yake. Bayan an idar, ku tara yaranku da ejojinku ku faɗa musu da bakinku, domin su ne za a fi ruɗa: matashin da jarinsa bai kai rabin kwantena ba, aka ce masa ga odar kwantena uku. Haka shugabannin Kantin Kwari da Sabon Gari da Ƙofar Wambai, da na 'yan canji a Wapa, waɗanda ta hannunsu kuɗin za su bi. Ku kuma da kuke gida, abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da shi. Ku sa ɗalibi ɗaya a mazaɓa ya ciro na garinku, a karanta a majalisar unguwa, a ɗauka a kai wa kansila, a tambaye shi nawa ne a ciki ya iso mazaɓar a watan da ya wuce.